Nauyin Baba a Bayan Jirgi

Akwai wani matuƙin kwale-kwale a wani ƙauye na bakin tafki, ana ce masa Guguwa. Sunan bai zo masa a banza ba. In ya tsoma filafili a ruwa, sai ka rantse inji aka ɗaura wa jirgin.

Ƙauyen nasu ba shi da abin nunawa sai tafkin nan, amma fa sun iya nuna shi. Sau ɗaya a shekara, bayan an kwashe amfanin gona, suke yin ranar tafki. 'Ya'yan ƙauyen da ke birni duk sai sun dawo da iyalansu. A shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa, a ɗaura wa yara lilo, masu gasa kifi su cika wuri da ƙamshi, a riƙa zagayawa da baƙi cikin babban jirgi suna ihu da zarar ya ɗan karkata. Da la'asar kuma a yi abin da ya tara kowa, wato tseren kwale-kwale na gida-gida.

Tseren yana da doka. Kowane gida jirgi ɗaya, kuma dattijon gidan shi ke zama a baya yana saita hanya. Ba a sauya shi sai in ciwo ya kwantar da shi, sannan mai bi masa ya hau. Gidan da ya zo na ɗaya, a kafa masa tuta a ƙofa har shekara ta zagayo.

To, tun da Guguwa ya fara tuƙi, tutar nan ba ta taɓa kwana a ƙofarsu ba. Kullum na biyu. Dalilin kuwa kowa ya san shi, ba dai mai faɗa a gabansa.

Mahaifinsa ne. Allah ya hore wa Baba jiki. A zamaninsa shi ma gwanin tuƙi ne, amma da girma ya zo sai ya zo masa da teɓa, har yara suka laƙaba masa Baba Randa. In ya zauna a baya, goshin jirgin sai ya ɗaga kamar mai duban hadari. Shi da kansa yake fara dariyar kafin kowa.

Ana saura 'yan makonni, Guguwa da ƙanensa Auta suna shafa wa jirgin fenti a bayan gida, sai Auta ya rage murya.

"Yaya, bana mu yi dabara mana. Mu ce ciwon ƙafar Baba ya tashi, ƙanensa Baffa ya hau. Baffa fa ko atishawa ka yi da ƙarfi sai ya matsa."

Guguwa bai ce to ba. Amma, jama'a, bai ce a'a ba. Ya gaji da zama na biyu, gajiyar da ta kai har ƙashi. Ya ci gaba da shafa fenti, ya ce, "Bari dai mu gani."

Abin da ba su sani ba, Baba yana bayan danga yana gyaran raga.

Kwanaki suka shuɗe. Rannan da rana Inna, mahaifiyarsu, ta zo ta dire kwano a gaban Guguwa, ta buɗe murfin. Abinci ne cike, ko yatsa ba a sa ba.

"Na babanku ne," in ji ta. "Haka yake dawo min da shi tun ranar da kuka yi fentin nan. Loma biyu, ya kora da ruwa, ya ce ya ƙoshi."

"Ba shi da lafiya ne, Inna?"

"Lafiyarsa lau. Kunnensa ma lafiya lau. Ya ji ku. Ya ce ba zai bari ku yi wa gari ƙarya ba, kuma ba zai zama shi ne ya hana ku tuta ba. Wai zai rage kansa. Ɗazu da ya miƙe, sai da ya dafa bango."

Kunya ta rufe Guguwa, ya ji kamar ya nutse cikin ƙasa. Ya ɗauki kwanon ya fita.

Can bakin ruwa ya tarar da Baba yana kai da kawo cikin rana, gumi na tsiyaya, wai motsa jiki yake. Da ya ga ɗansa sai ya tsaya, ya ja riga ya manne ta a kan cikinsa, ya yi murmushi irin na mai jiran yabo.

"Duba da kyau. Na ragu ko?"

Wannan tambaya ita ta karya wa Guguwa zuciya. Ya durƙusa a kan yashi, ya ajiye kwanon.

"Baba, ka yafe min. Wallahi ba zan sake taɓa filafili ba sai ka cinye wannan."

"Tutar fa?"

"Ƙyalle ne a kan sanda. Kai ka fara ɗora ni a jirgi, a cinyarka na koyi tuƙi. In na ɗaya ne, da kai. In na ƙarshe ne, da kai."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zauna, ya wanke hannu a tafki, ya ja kwanon. Sai da ya suɗe shi tas, ya ɗago ya ce, "Ka tambayi innarku ko akwai saura."

Ranar tafki ta zo. Bakin ruwa ya cika maƙil, yara a kan kafaɗun iyaye, masu waya sun ɗaga suna ɗauka. Da Baba ya taka jirgi goshinsa ya ɗaga, aka kwashe da dariya kamar kowace shekara. Wani ya ɗaga murya, "Guguwa, bana ma da randar za a tafi?"

Guguwa ya waiwaya ya ce, "Da ita. Gida mai randa ba ya kwana da ƙishi." Baba ya ɗaga wa jama'a hula.

Aka busa usur. Tseren shi ne a je a zagaya wani ƙaramin tsibiri a dawo. A tafiya, jirage masu siraran dattawa suka yi gaba fit, su Guguwa na bin baya. Auta yana tuƙi yana cije leɓe.

Suna zagaya tsibirin sai iska ta taso daga gefe. Tafkin da ke kwance luf ya fara tumbatsa. Jiragen gaba, da ba su da nauyi a baya, suka shiga rawa. Na farko ya ɗebi ruwa ta goshi, matuƙansa suka ajiye filafili suka koma kwarfa. Na biyu iska ta juya shi gaba ɗaya, ya fuskanci inda ya fito, dattijon cikinsa ya rungume gefen jirgi yana ta salati.

Jirgin su Guguwa kuwa ko gezau. Baba ya zauna daram kamar an dasa shi, bayan jirgin ya kama ruwa, goshin nan da ake wa dariya ya riƙa hawa kan igiyar ruwa yana wucewa. Tsohon ya danna filafilinsa, tsohuwar muryarsa ta dawo.

"Ku ja, 'ya'yana! Ku bar min hanya, ku dai ku ja!"

Suka ja. Guguwa bai taɓa tuƙi irin na rannan ba, hawaye da ruwan tafki suka haɗu a fuskarsa. Suka wuce jirgi, suka wuce wani, ihun bakin ruwa yana ƙara matsowa. Da goshin jirginsu ya soki yashi, babu kowa a gabansu.

Wuri ya kaure. Samari suka ruga za su ɗaga Baba sama, suka yi nishi, suka yi nishi, suka haƙura suka ɗaga hannunsa kawai. Aka miƙo wa Guguwa tuta, ya ƙi karɓa, ya nuna mahaifinsa. Auta ya zube a gaban tsohon yana neman gafara.

Baba ya riƙe tutar da hannu ɗaya, ya dafa kan Auta da ɗayan.

"Tashi. Ka ga da na biye muku na rame, da yanzu muna can muna kwarfar ruwa. Jeka wurin masu gashi ka zaɓo min kifi. Babba."

Darasi: Kada ka taɓa sauke iyayenka don jirginka ya yi sauri. Guguwa bai san iska za ta taso ba lokacin da ya durƙusa da kwano, ya zaɓi mahaifinsa ne ko da zai zo na ƙarshe. Wanda kake gani nauyi ne a yau, wataƙila shi ke riƙe da kai ranar da ruwa ya tumbatsa. In labarin nan ya tuna maka da wani tsoho a gidanku, ka kira shi ka gaishe shi, sannan ka tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.