Motar Da Baba Bai Gani Ba

Akwai wani mai walda da 'yan layinsu ke kira Injiniya. Da tsokana aka fara, shi kuwa ya karɓe sunan hannu bibbiyu. Shekaru ya kwashe yana haɗa mota a rumfar bayan gidansu. Inji daga wata tsohuwar mota, tayoyi daga wata, bodin kuwa da gudumarsa ya buga shi.

Saboda mahaifinsa yake wannan wahalar. Baba tsohon direba ne, yanzu idonsa ya fara dusashewa, likita kuma ya ce abin gaba yake yi. Burin Injiniya ɗaya ne, Baba ya ga motar kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Saura fenti kawai. Abin dariyar, ƙaninsa Auta sana'arsa ke nan, feshin motoci. Amma Injiniya mutum ne da ba ya son a ce an taya shi.

Auta ya zo ya shafa bodin da tafin hannu. "Yaya, wane launi za ka sa?"

"Baƙi. Irin na manya, wanda mutum zai ga fuskarsa a jiki."

"Baƙi ba ya rufa asiri fa. Duk inda guduma ta sauka sai ya nuna. Bari in cike ramukan, in goge, in yi fentin farko. Sannan mu fesa mai haske kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya bushe kafin na gaba."

Injiniya ya yi tsaki. "Ni da na haɗa inji, fenti ne zai gagare ni? Ara mini bindigar feshinka kawai."

Auta ya ara masa.

Injiniya ya kafa bindigar dab da ƙarfe, ya yi ta lafta fenti lokaci guda don a gama da wuri. Kafin ya zagayo baya, fentin ƙofofin ya fara zuba layi-layi. Da ya bushe, kowane bugun guduma ya fito fili. Ransa ya ɓaci, amma ya lallashi kansa da cewa daga nesa ba laifi.

Ya riƙo hannun Baba zuwa rumfar. "Baba, ga ta nan."

Tsohon ya ƙura ido, ya duba dama, ya duba hagu. "Ina take?"

Baƙar mota a cikin inuwa, a idon Baba duk duhu ɗaya ne. Ya miƙa hannu yana lalube, yatsunsa na bin gudajin fenti. "Ta yi kyau, Allah ya yi albarka," ya ce, don kada ɗansa ya ji ba daɗi.

Wannan albarkar ta fi zagi yi wa Injiniya ciwo. Sai a lokacin ya gane don idon 'yan layi ya zaɓi launin, ya manta da idon da ya yi aikin dominsa.

Ya tafi garejin ƙaninsa. "Auta, na kwafsa."

Auta bai ce "ai na faɗa maka" ba, ko da yake fuskarsa ta faɗa. "To Yaya, kai za ka riƙe samfefa ka goge bodin. Hannunka zai gaya maka inda ramukan suke."

Suka kankare baƙin tas. Auta ya fesa launuka daban-daban a gutsattsarin ƙarfe, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya a gaban Baba. Tsohon na ta girgiza kai, har aka zo kan rawaya.

"Wannan na gan shi."

"Haba, sai ka ce motar haya!" in ji Injiniya.

"Ai ba kai za a nuna wa ba, Yaya."

Suka cike ramukan, suka fara fesa rawayan kaɗan-kaɗan. Aikin ya ja lokaci. Duk sanda Injiniya ya kai yatsa don ya ji ko fentin ya bushe, sai Auta ya buge hannun.

Ranar da suka turo motar tsakar gida, ba su gaya wa Baba ba. Yana fitowa daga ɗaki ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Kai! Ita ce wannan?" Ya saki sandarsa ya nuna ta da yatsa, daidai inda take. "Ban ga taya ba, ban ga ƙofa ba, amma wallahi na gan ta."

Injiniya ya juya baya yana share ido da gefen riga.

Darasi: Ƙwarewarka a aiki ɗaya ba ta nufin ka iya kowane aiki. Ka saurari mai sana'a ko da ƙaninka ne, kuma idan za ka yi wa wani abu, ka tambayi abin da zai amfane shi, ka bar abin da zai burge jama'a. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.