Jan Bakin Oronza

Akwai wata mata mai suna Oronza da ke aikin tsinkar ganye a masana'antar taba, a wani gari na kudancin Italiya. Yaƙi ya cinye mijinta, ya bar mata abu ɗaya na kwalliya: jan bakin da ya saya mata.

Jan bakin nan shi ya tsone wa Donna Clelia ido, shugabar matan coci. Ta je wurin 'yan sanda ta ce bazawarar da ke shafa ja tana wucewa gaban barikin soja, ai kowa ya san sana'arta. Ita ma fa tana shafawa, amma nata daga Roma ake kawo mata, shi ba zunubi ba ne.

Babu wanda ya tambayi Oronza. Aka rubuta ta a littafin karuwai. Da aka ba matan ƙasar damar zaɓe karon farko a 1946, sai aka soke sunanta, domin doka ta hana waɗanda ke cikin littafin nan. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ranar zaɓe ta tsaya bakin makarantar da ake jefa ƙuri'a tana kallon layi. Ga Donna Clelia, leɓe jawur. A wancan lokacin, da miyau ake liƙe takardar ƙuri'a, kuma duk wadda ta fito da tabo ana iya watsar da ita.

Oronza ta zaro hankici, ta miƙa mata.

"Ranki ya daɗe, goge bakinki."

"Ke! Ni kike gaya wa haka?"

"Idan jan ya taɓa takardar, ƙuri'arki ta tafi a banza. Tawa ta riga ta tafi. Kada mu yi asarar biyu."

 Donna Clelia ta karɓa, ta goge bakinta.

Washegari ta koma ofishin 'yan sanda, ta ce da bakinta ƙarya ta yi. Sai da ta yi wata bakwai tana sintiri kafin a goge sunan Oronza daga littafin.

A zaɓen da ya biyo baya, Oronza ta shiga layi da jan bakinta raɗau. Wata ta taɓa ta daga baya, ashe Donna Clelia ce, ta miƙo tsohon hankicin nan a wanke, a ninke.

"'Yar'uwa, goge. Wannan karon taki ce."

Darasi: Kada ka yanke wa mace hukunci da abin da idonka ya gani a fuskarta, domin wadda ka ɓata wa suna tana iya fin ka tsarkin zuciya. Ku tura wa wasu su karanta.