Sunan da Pak Kasmuri Ya Soke

Akwai wani mai unguwa a ƙauyenmu, can gefen garin Klaten, ana ce masa Pak Kasmuri (a wajenmu Pak lakabin girmamawa ne na maza, Bu kuma na mata). Tsohon malamin firamare ne, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar cewa ba a taɓa yi masa wayo ba. Duk shekara takardar sunayen masu karɓar tallafin naƙasa daga gwamnati takan biyo ta hannunsa, ya duba ya sa hannu.

A cikin sunayen akwai na Pak Sarwo, wanda dā yake zagaya ƙauyuka da keke yana sayar da awara. Shekara uku ke nan da ƙodojinsa biyu suka daina aiki. Talata da Juma'a sai an kai shi asibitin birni wankin ƙoda. Inshorar gwamnati ce ke biyan wankin, amma asibitin da nisa, kuma ba ya iya dawowa shi kaɗai. Tallafin nan shi ne kuɗin motarsu shi da matarsa Bu Ngatini, wadda ke ƙwadagon dashen shinkafa a gonakin mutane.

Ciwon yana da wani hali. Washegarin wanki Pak Sarwo yakan tashi garau, har ya yi raha da maƙwabta. Bayan kwana biyu kuma ko ƙofa ba ya iya kaiwa.

Wata Laraba, damina ta matso, ya lallaba ya hau tsani don ya gyara inda rufin ɗakinsu ke yoyo. Pak Kasmuri ya zo wucewa a kan babur, ya tsaya.

"Sannu da naƙasa, Pak Sarwo," in ji shi. "Ko mu masu lafiya ai ba ma kaiwa can."

Mutanen da ke shan kofi a rumfar gefen hanya suka yi dariya. Pak Sarwo ma ya yi, don ya zaci wasa ne.

A ƙarshen wata tallafi bai zo ba.

Bu Ngatini ta je gidan mai unguwa da takardar likita, wadda ta bayyana cewa mijinta ba zai iya aikin ciyar da kansa ba. Ta zauna a ƙasa ta yi masa bayani. Bai ko buɗe takardar ba. Ya ce kuɗin na makafi ne da guragu, ba na mai hawa rufi ba, kuma takarda kowa na iya samowa in ya san hanya. In ba ta yarda ba, ta kai ƙara ofishin jin daɗin jama'a.

Ta kai. Aka ce za a turo mai bincike, ta jira.

Suka sayar da keken awara, kuɗin ya kai su wata guda. Maƙwabta suka ɗan taimaka, amma maganar mai unguwa ta riga ta zagaya, wasu har sun fara yi musu wani irin kallo. Pak Sarwo ya hana matarsa sake roƙon kowa. Ya ce zuwa asibiti sau ɗaya a mako ya ishe shi.

Bai ishe shi ba. Ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta biyo baya. Ya koma kwana a zaune saboda numfashi. Wata ranar Litinin da hantsi, matar tana gona, ya cika.

A ƙauyenmu mai unguwa ba ya rasa wurin wankan gawa. Da masu wanka suka rasa mutum ɗaya, sai liman ya kira Pak Kasmuri ya riƙe. Hannun hagun mamacin ne ya faɗo masa. Tun daga wuyan hannu har gwiwa jijiya ta tashi ƙullutu-ƙullutu, fatar duk tabon allura, tabo a kan tabo, babu wurin da yatsa zai sauka. Ya tambayi liman a hankali ko mene ne wannan. Liman ya ce nan ne ake soka masa allurar wanki, shekara uku.

Waɗanda ke wurin sun ce har aka gama Pak Kasmuri bai sake ɗaga kai ba.

Mai binciken ya iso kwana biyar bayan jana'iza. Ya karanta takardar likita a tsaye, ya ce tun farko babu dalilin cire wannan suna.

Ranar addu'ar bakwai Pak Kasmuri ya kai buhun shinkafa gidan mamacin. Ya durƙusa gaban Bu Ngatini yana neman gafara, yana cewa ya san marigayin ya tafi da fushinsa.

"Bai yi fushi da kai ba, Pak," in ji ta. "Yarda ya yi da kai. Ya ce kai mai ilimi ne, tunda ka ce bai cancanta ba, wataƙila haƙƙin wasu ya yi ta ci. Har ya rasu yana istigfari a kan kuɗin nan."

Pak Kasmuri ya tashi ya koma gida.

A makon ya ajiye muƙaminsa. Kafin ya miƙa takardu, ya ciro na shekarun baya, ya tarar da wasu mutum huɗu da ya soke sunansu saboda ya ga suna tafiya da ƙafarsu. Ya hau babur ya bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Biyu ya samu da rai.

Darasi: Ba kowane ciwo ido ke gani ba, kuma ranar da ka ga mara lafiya a tsaye ba ita ce dukan rayuwarsa ba. In aka ba ka amanar haƙƙin mutane, ka saurara, ka karanta, ka tambayi masana kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman waɗanda sa hannunsu ke iya hana wani magani.