Baturen da Ke Cikin Hoton Baba

Akwai wata tsohuwa a Kwaciri, Yakaka, wadda hoto ɗaya tak mahaifinta ya bar mata. A Burma aka ɗauki hoton lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: mahaifin yana zaune da sanda, wani Bature na tsaye ya dafa kafaɗarsa.

Da hoton ya fara cinyewa, jikanta Kyari ya kai shi Sabon Gari wurin Chidiebere mai hoto, a gyara a ƙara masa girma. Yakaka ta bi shi a adaidaita, don ba ta ba kowa amanar hoton nan.

Chidiebere ya juya bayan hoton, ya ce, "Mama, wannan ai rubutun Yahudawa ne."

Fuskar Kyari ta canza. "To a cire Baturen, a bar kakanmu shi kaɗai. Ba na rataya Bayahude a falo, da abin da muke gani a waya."

"Minti biyu ne," in ji Chidiebere.

Yakaka ta ɗora hannu a kan hoton, ta dubi Kyari. "Kai da ko tayar mota ta fashe sai ka nemi ƙarƙashin tebur, kai ne za ka cire soja?"

Sannan ta faɗa masa labarin Baturen. Sojojin Kano suna kiran mutumin Saje Isiyaku. Ba ya cin alade, don haka da Musulmi yake cin abinci. Ranar da Japanawa suka tare su a bakin kogi, harsashi ya fasa cinyar mahaifinta, aka ja da baya aka bar shi. Sajen ya koma cikin wuta, ya goya shi har sansani. Bayan wata biyu aka kashe sajen.

"Baba ya ce dangin sajen duk an hallaka su a Turai. Wataƙila duk duniya ba inda fuskarsa ta rage sai takardar nan. Abin waya ni ma yana sa ni kuka, amma mutumin nan ya mutu tun ba a haife ka ba, balle wayarka. Me ya yi maka?"

Kyari ya daɗe yana kallon hoton. Can ya ce, "Oga, fuskarsa ta dushe ta gefen hagu. Za ta gyaru?"

"Za ta gyaru."

Darasi: Kowa da aikinsa za a auna shi. Kada fushinka da wasu ya sa ka goge alherin wanda bai yi maka komai ba sai taimako. Ku tura wa 'ya'yanku, su ma su ji.