Asusun Nomau da Ƙaninsa

An ce wai an yi wani tela ana kiransa Nomau, da matarsa Lantana mai ƙosai. Shekarunsu suna gidan haya, har ranar da mai gidan ya ce zai sayar musu, in dai sun kawo kuɗin kafin alƙalami zuwa kaka. In kaka ta wuce, to akwai wani mai so.

Nomau ya zauna ya raba kuɗin bisa ranakun kasuwar da suka rage, ya ga abin da za su riƙa jefawa a asusun ƙasa kowace kasuwa. Lissafi ya fita tsaf, 'ya'yana, har da shafa gemu.

Amma ba a daɗe ba ƙanwar Lantana ta haihu, aka fasa asusu. Aka sayi wani. Kawun Nomau ya kwanta ciwo, aka sake fasawa. Nan fa Nomau ya ce daga yau ba biki ba suna, ba mai ganin ƙwandalarsu sai an sayi gida. Lantana ta ce, “To maigida, in an saya mu da wa za mu zauna, ƙadangaru?”

Da magana ta ƙi ƙarewa suka tafi gaban Alƙali Buhari, wani dattijo mai son dariya.

Alƙali ya saurare su tsaf, sannan ya ce, “Lantana, da aka fasa na farko, duka aka kai wa mai jego?”

“A'a, ranka ya daɗe, turmin atamfa ne da sabulu.”

“Kai kuma, kawu ya cinye na biyun duka?”

“Kuɗin magani kawai, Allah gafarta Malam.”

“To sauran fa?”

Lantana ta dubi sabuwar hular da ke kan Nomau. Nomau ya dubi sabon mayafinta. Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Ya ce, “Ashe dangi ba su ci gidanku ba. Kuɗi ne in an fasa masa ɗaki ba ya komawa. Lissafinka daidai ne, Nomau, sai dai ka yi shi kamar ku biyu ne kaɗai a duniya, alhali haihuwa da ciwo ba sa jiran kaka. Ga hukuncina: ku sayi asusu biyu, babba da ƙaninsa. Kowace kasuwa a fara ba babban rabonsa cikakke, ƙanin kuma a jefa masa ko kuɗin goro ne. In hidima ta taso, ƙanin za a fasa. Babban, ba mai taɓa shi sai gaban mai gida.”

Haka suka yi. An fasa ƙannen nan sun fi a ƙirga, babban yana kwance a ƙarƙashin gado. Kaka ta zo, aka fasa shi gaban mai gida, sai ga kuɗi sun ɗan gaza saboda ɓarnar farko. Nomau ya yi tsuru-tsuru. Kafin la'asar kawun nan da ya warke ya turo buhun gero, mai jegon nan ta kwance bakin zanenta, aka cike.

Lantana ta raɗa masa, “To maigida, ƙadangaru ne suka cike mana?”

Shi ya sa nake gaya muku, in za ku yi tarin gida, ku ware wa zumunci nasa tun farko, don dangi ne za su fara yi muku sallama a ƙofar.