Waziri Gwadabe da Rufaffun Ɗakuna

A zamanin da, tun ana ciniki da kuɗin wuri, an yi wani birni mai ƙofa bakwai wanda arziki ya yi wa yawa har ya zame masa ciwo. Fatake suka gane hanyarsa, marina da majema da masaƙa suka biyo bayansu, mutanen ƙauye kuma suka yi ta tattara komatsansu suna shigowa. Jama'a tana ƙaruwa, ganuwa kuwa tana nan inda kakanni suka tsayar da ita. Ɗakin da ake kamawa wuri dubu a shekara ya koma dubu biyar, ya koma dubu takwas, har sai ka ga magidanci da matarsa da 'ya'ya shida a ɗakin da a da akuya ake ɗaurewa.

Sarkin wannan birni mutum ne mai tausayin talakawa, amma mai saurin fushi. Da kuka ya kai masa, sai ya sa aka yi shela cewa daga ranar kada wanda ya karɓi fiye da dubu biyu a ɗaki. Wazirinsa Gwadabe, dattijon da ya yi wa mahaifin Sarki ma wazirci, ya roƙa a jinkirta a ƙara shawara. Sarki ya ce ai talaka ya gaji da jira.

Ba a yi kwana goma ba masu gidaje suka sallami 'yan haya, suka garƙame ƙofofi, suka ce iyalansu da barorinsu ne za su zauna. Mutane suka koma kwana a rumfunan kasuwa da gindin ganuwa. Ga shi kuwa bazara ta yi nisa, saura wata biyu ruwa ya sauko.

Wata safiya Waziri yana kan hanyar fada, sai wata tsohuwa ta sha gabansa ta riƙe linzamin dokinsa. Sunanta Tabawa, tukwane take ginawa. Barori suka yi kanta, Waziri ya ɗaga musu hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ina ɗaki ɗaya a gidan Mantau. Da tsada, amma ina ciki. Dokarku ce ta fitar da ni. Mun laɓe a wani kango, jiya katanga ta faɗo wa ɗana ta karya masa ƙugu. Shi ke ciyar da mu. Ba sadaka na zo nema ba, so nake ka gaya mini inda zan kwantar da shi idan hadari ya taso."

Waziri ya tambaye ta inda kangon yake. Ya sa a kai ɗan wurin maɗori, ya wuce.

Ya tarar fada ta cika. Sarki ya riga ya sa an tattaro masu gidaje, babbansu kuwa shi ne wannan Mantau, attajirin da rabin fataken birnin a hannunsa suke sauka. Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba mu karya doka ba. An ce kada mu karɓi fiye da dubu biyu, to, ba mu karɓi ko wuri ɗaya ba. Ɗakunanmu ne, mun zuba mutanenmu. Ko akwai dokar da ta hana mutum zama a gidansa?"

Sarki ya dubi Sarkin Dogarai ya ce, "A ɗauki gatura. Duk ƙofar da aka tarar a rufe, a fasa ta."

Mantau bai ɗaga kai ba, ya ce a hankali, "Abin da Zaki ya ga dama shi za a yi. Sai dai fatake suna da kunne. Garin da ake fasa ƙofar mai gida, ba wanda zai bar haja a cikinsa ya yi barci."

Waziri ya san wannan ba barazanar banza ba ce. Idan ayari ya canza hanya, marina da majema za su fara yunwa kafin damina ta kai rabi. Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku kafin a ɗaga gatari."

Sarki ya dube shi ya ce, "Tun farko ba ka so dokar nan ba, Waziri. Na ba ka kwana uku. Ran na ukun, in ƙofofin nan ba su buɗe ba, za a fasa su, kuma kafin a fasa ta farko za a warware rawanin da ke kanka."

Waziri bai tafi gida ba. Ya aika aka kira masa Jatau, Sarkin Magina, suka hau kan ganuwa tare suna duban gari. Ya tambaye shi, idan aka buɗe duk ɗakunan da aka rufe, za su ɗauke mutanen da ke waje?

Jatau ya ce, "Za su ɗauke waɗanda aka kora. Amma ko kafin a kore su, akwai ninkinsu da ba su da wurin sa kai. Ranka ya daɗe, tuwo ne ya yi kaɗan, ba rabon ne ya ɓaci ba. Sai an yi gini."

"A ina?"

Jatau ya nuna masa kangaye nan da can, filayen da masu hali suka kewaye suka bari suna jiran su ƙara daraja. Ya nuna wani babba kusa da marina, ya ɗan yi tari, don na mahaifin Waziri ne. Sannan ya juya gabas, bai nuna da hannu ba, da haɓa ya yi nuni. Wani makeken fili ne da ya kai unguwa biyu, an kewaye shi da katanga, ba kowa ciki sai jiminan Sarki guda goma sha biyu. Sarki yana son tsuntsayen nan ƙwarai, da hannunsa yake ba su hatsi. An taɓa korar wani hakimi daga mulki don karensa ya firgita su.

Can Jatau ya ce, don ya sauya magana, ganuwa ma ta tsage a wuri uku, in ba a gyara ba kafin ruwa za ta zube. Waziri ya tsaya cak. Ya tambaye shi yadda ake tara masu aikin ganuwa a zamanin tsohon Sarki. Jatau ya faɗa masa. Waziri ya ce ya sake faɗa, ya sake.

Kashegari Waziri ya kira masu gidaje gaban Alƙali, ya sake musu fuska. Ya ce, "Sarki yana zargin ɗakunanku ba kowa. Ni kuwa ba na so a fasa ƙofar kowa. Kowannenku ya faɗa a gaban Alƙali da shaidu yawan ɗakunansa, ya kuma tabbatar kowanne da magidanci a ciki. In an sami wannan, ba dogarin da zai taɓa muku ƙyaure."

Suka ji daɗi, suka ɗauka tsoho ya tsorata. Mantau ya fara, ya ce ɗaki ɗari da arba'in gare shi, kowanne da namiji baligi. Sauran suka bi, wasu har da ƙari don a san su ma masu jama'a ne.

Ran na uku fada ta cika har waje, dogarai suna tsaye da gatura. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan sun shaida a gaban Alƙali cewa ɗakunansu cike suke. Ba hujjar fasa musu ƙofa."

Fuskar Sarki ta murtuke. "Abin da ka kawo mini ke nan bayan kwana uku?"

"Da saura, ranka ya daɗe. Ganuwa ta tsage a wuri uku. Al'adar garin nan tun kakanninka, idan za a yi aikin ganuwa, kowane ɗaki mai mutum yakan ba da namiji ɗaya, ya yi aiki har a gama. Ɗakin da ba kowa kuwa, Sarki ke saukar da wanda ya so a ciki har ƙarshen aiki. Ina roƙo a fara gobe. Mantau zai kawo mutum ɗari da arba'in."

Tsofaffin fadawa suka gyaɗa kai, don sun san haka al'adar take. Mantau ya shiga lissafi a zuci. Barorinsa duka ba su kai ashirin ba. In ya ce ɗakunan ba kowa, ya yi shaidar zur a gaban Alƙali, kuma Sarki zai zuba mutane ciki kyauta. In ya ce zai yi hayar ma'aikata, ai waɗanda ya kora ne ma'aikatan garin. Ya sunkuya har rawaninsa ya taɓa ƙasa, ya ce, "Zaki, a yi mana afuwa. Za mu mai da mutanenmu na da, a kan abin da Sarki ya yanka."

Sarki ya yi dariya, karo na farko cikin wata guda. Ya ce kafin faɗuwar rana a buɗe kowace ƙofa, kuma masu gidaje su ciyar da masu aikin ganuwa, tarar ƙaryar da suka yi ke nan. Fadawa suka ɗauki kirari.

Waziri zai iya tsayawa nan, rawaninsa ya tsira. Amma bai tashi daga durƙuson ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya mai da waɗanda aka kora kawai. Akwai ninkinsu da ba su taɓa samun ɗaki ba. Muddin mutane sun fi ɗakuna yawa, masu gidaje za su sami wata dabarar. Alhali cikin ganuwar nan akwai filaye da kangaye da aka kewaye aka bari, ba gini ba noma. Me Sarki ya gani game da su?"

Sarki yana cikin jin daɗi, ya ɗaga murya don na waje su ji. "Duk mai fili a cikin ganuwa, ko wane ne shi, ya fara gini kafin ruwa ya sauka, ko a yanka wa masu bukata su gina. Na faɗa."

Sankira, mai shelar fada, ya maimaita wa jama'a. Waziri ya jira har ya gama. Sannan ya kai hannu ya warware rawaninsa da kansa, ya naɗe shi ya ajiye a gaban Sarki.

"Na farko kangon mahaifina ne da ke kusa da marina. Na ba da shi yau. Na biyu, wanda ya fi kowanne girma, shi ne filin gabas, inda jiminai suke."

Sarkin Dogarai ya matso taku ɗaya yana duban bakin Sarki. Waziri ya kafa ido a ƙasa, iska tana taɓa furfurarsa a gaban mutanen da ba su taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ya ji numfashin Sarki yana fita da ƙarfi.

Sarki ya ce, "Tarko biyu ka ɗana yau, Gwadabe."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Sarki ya miƙe ya shige gida, bai ce a kama Waziri ba, bai ce ya ɗauki rawaninsa ba. Fada ta watse a hankali, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da Waziri. Ya koma gida ba rawani, ya tara iyalinsa ya gaya musu su shirya wa duk abin da zai zo.

Kwana biyu ba labari. Ran na uku da hantsi aka ji hayaniya a hanyar gabas. Bayin Sarki ne ke kora jiminai zuwa gandun bayan gari, Jatau yana biye da igiyar awo da magina arba'in. Da azahar wani dogari ya kawo wa Waziri rawaninsa, ba tare da wani saƙo ba.

Aka yanka filin gida-gida, aka bar hanyoyi da wurin rijiya. Sarki ya yafe kuɗin ƙofa a kan azara da ciyawar jinka, ya buɗe kududdufin fada kowa ya ɗebi ƙasa. Masu filaye da suka ga abin da ya sami filin Sarki, ba wanda ya jira a zo masa, kowa ya kama kwaɓa ƙasa. Aka yi ta gayya, yau gidan wannan gobe na wancan. Tabawa ta sami ɗaki biyu da wurin gasa tukwane, ɗanta ya tashi, ko da yake da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Ruwan farko ya sami wasu ba su gama rufi ba, an sha wuya a daminar nan, amma ba wanda ya kwana a kasuwa. Da rani ya zagayo aka fitar da ganuwa ta kudu aka ƙara unguwa uku. Kafin shekara biyu, Mantau da kansa ke aika bara ƙofar gari yana tallan ɗaki a kan abin da bai kai wanda Sarki ya yanka ba.

Sarki kuwa ya yi wata bakwai ba ya yi wa Waziri magana sai ta aiki. Wata rana bayan fada ta tashi, ya tsayar da shi, ya ce, "Ran nan, da na ce a sare ka fa?"

Waziri ya ce, "Da an sare ni, ranka ya daɗe. Amma da an gina gidajen duk da haka, don ka riga ka furta a gaban jama'a, kuma na san ɗan wanda na yi wa aiki ba ya lashe amansa."

Sarki ya matsa gefe a kan shimfiɗa, ya ce masa ya zauna.

Haka masu ba da labari suka ce an yi, a nan kuma suka tsaya.