Saƙon Muryar da Bakanike Bai Yi Niyyar Turawa Ba

Akwai wani bakanike da abokan aikinsa ke kira Shiru-shiru. Mutumin nan, ko mota ta take masa ƙafa, in ka ce sannu sai ya ce maka lafiya lau. Shekara goma sha biyu yana gareji ɗaya, ba wanda ya taɓa jin kukansa. Ni dai irin wannan zurfin ciki tsoro yake ba ni.

Yana da 'ya ɗaya tilo, 'yar shekara tara, mai ciwon sikila. Wata Talata ciwon ya tsananta, aka kwantar da ita a asibiti. Da hantsi likita ya kira shi gefe.

"Jininta ya yi ƙasa sosai. Dole a ƙara mata yau, kuma irin nata ba mu da shi."

Aka gwada nasa, bai dace ba. Matarsa ga tsohon ciki, ba a ɗibar nata. Ya zaga asibiti uku a ƙafa da babur, kowa ya ce babu.

Wajen azahar ya dawo ya zauna a kan matakalar bayan ɗakin yara. Sai ya tuna ya bar motar mutane a buɗe a gareji. Su kanikawa ba sa rubuta saƙo, hannu duk baƙin mai, murya suke turawa a gurup ɗinsu. Ya ciro waya ya danna wurin ɗaukar murya ya ce, "Oga, a yi haƙuri, yau zan ɗan makara..."

Sai ya ɗaga kai. Ta taga ya hango matarsa tana yi wa yarinyar fifita, ita kuma ko motsi ba ta yi.

Bawan Allah ya fashe da kuka.

"Ya Allah, na gaji! Wallahi na gaji. Na je ko'ina an ce babu jini. Ita kaɗai gare ni. Ban san wanda zan faɗa wa ba sai Kai. Ya Rabbi, kada Ka bar ni ni kaɗai."

Ya ɗauke hannu don ya share hawaye, ya jefa wayar a aljihu. Ashe duk wannan lokacin babban yatsansa na kan madannin. Yana ɗagawa, saƙon ya tafi wurin mutum ashirin da uku.

Ya yi alwala ya yi salla, ya koma bakin gadon 'yarsa. Wayar na ta ƙugi a aljihu, ya ƙi dubawa, a zatonsa mai mota ne ke neman sa.

Ba a yi awa ɗaya ba sai hayaniya ta kaure a baranda. Wata nas tana faɗa: "Malamai, nan asibiti ne! Ku dubi yadda kuka ɓata mana ƙasa!"

Ya leƙo. Garejin ne gaba ɗaya, da kayan aikinsu, har da mai sufana a aljihun baya. Oga na gaba.

"Oga, wa ya gaya muku?"

Oga ya kunna masa saƙon. Da ya ji muryarsa yana kuka, ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya ciro waya zai goge.

Oga ya riƙe masa hannu. "Goge me? Kai da Allah kake magana, Shi kuma ya ga dama ya turo mana. Amma ka ba ni haushi, wallahi. Kwano ɗaya muke ci da kai, a ce sai ta haka za mu ji?"

Aka jera su a layi ana gwaji. Na farko bai dace ba, na biyar bai dace ba, na goma ma haka. Shiru-shiru ya jingina da bango, leɓɓansa kawai ke motsi.

Na goma sha huɗu shi ne Basamude, ƙaton nan mai gyaran bodin mota da ke ɗaga giyabos, duk nauyinsa, shi kaɗai. Nas ta fito ta ce, "Wannan ya dace."

Basamude ya ga allura sai gumi. "'Yar'uwa, babu ƙarama?"

"Kai, ji ƙaton banza!" in ji Oga. "Kwanta mana!"

Mutum biyu suka riƙe shi, ya rufe ido yana ta salati, ana ta yi masa dariya har aka gama.

La'asar sakaliya jinin ya fara shiga jikin yarinyar. Kanikawan suka ƙi tafiya, suka zube a baranda. Can ta buɗe ido a hankali, ta dubi babanta, ta ce da 'yar ƙaramar murya:

"Baba, yunwa nake ji."

Kwana uku rabon da ta nemi abinci. Kafin uban ya iya miƙewa, mutum shida sun riga sun ruga bakin geti suna gardamar wanda zai sayo.

Darasi: In kaya sun yi maka nauyi, kada ka haɗiye. Ka kai wa Allah kukanka da bakinka, yadda yake a ranka. Shi ya san hanyar da zai turo maka agaji, ko da ta inda ba ka taɓa zato ba. Kuma ka daina ɓoye wa masu ƙaunarka halin da kake ciki. Ku tura wa wanda kuka san yana fama a ɓoye, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.